Eshek a shagon ɗinki: abin da na rubuta daga Janairu zuwa bakin azumi

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Yau kasuwar Tawa ta ci. Na rufe shago da wuri, na biya na sayi kaye irin na 'yan lakkol, sefa 200. A ciki zan riƙa rubuta yadda nake ƙarewa da eshek, darar nan ta Turawa mai sarki da dawakai. Yayana ne ya jawo mini wannan jidali. Ya zo hutu daga Abijan a Disamba, kullum kansa sunkuye a kan waya, na ce wai me ake rabawa a ciki? Sai ya miƙo mini. Sau 11 muka buga kafin ya koma, sau 11 ya kayar da ni, biyu daga ciki ma ya cire sarauniyarsa tun farko don ya nuna mini iyakata. Ranar da muka raka shi tasha na ce masa, "Yaya, kafin azumi sai na ci ka ko da sau ɗaya ne." Ya ce Allah ya kai mu.

A Lichess nake bugawa, wani dandalin eshek na intanet. Kyauta ne, babu talla, wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa shi a 2010. Duk sabon shiga ana ba shi maki 1500 da alamar tambaya a gefe, wato ba a tantance ƙarfinsa ba tukuna. Da na ga 1500 har na fara jin kaina. Ashe rigar aro ce. Da alamar tambayar ta tashi tafiya sai ta tafi da rigar, yau ina 938 a wasan sauri da suke kira bilits.

Na raɗa wa kayan wasan sunayen da bakina zai iya. Sarki, sarauniya da doki ba gardama. Mai tafiya a karkace na ce masa giwa, don haka Larabawa ke kiransa tun da. Mai tafiya a miƙe hasumiya. Ƙananan nan takwas na gaba dakaru.

Talata, 7 ga Janairu

Wasa 14, na ci 5. Maki 921. Duk 3+0 ne, wato minti uku ga kowa ba ƙari.

Alhamis, 9 ga Janairu

Sau uku cikin kwana biyu ana kashe ni a taku huɗu. Kowane gida a allo yana da suna, harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8. Abu ɗaya ne kullum: abokin wasa ya turo dakare e4, na mayar da e5, sai sarauniya ta fito h5, giwa ta zo c4, kafin in gyara zama sarauniya ta faɗa f7, wasa ya ƙare. Masu Faransanci suna kiransa bugun makiyayi. Gidan f7 shi ne ɓarakar katanga, don a farkon wasa ba mai tsaron dakaren da ke wurin sai sarki shi kaɗai.

Na ce na gane, da sarauniya ta fito in kore ta da g6. Na yi haka da yamma, sai ta cinye dakaren e5 da hari a kan sarkina, daga nan ta wuce ta ɗauke hasumiyar h8. Dara ta ci gida. Da na zauna na bi abin a hankali, ashe jeri ne, kamar yadda ba a ɗora hannun riga kafin a haɗa kafaɗa. Doki c6 tukuna ya tsare e5. In giwarsa ta zo c4, sannan g6. In sarauniya ta koma f3 tana sake leƙen f7, doki f6 ya toshe mata hanya. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe a bangon kaye.

Lahadi, 12 ga Janairu

Forfe na jika 2 ya ƙare cikin kwana huɗu. Wasan kansa ba ya cin komai, bidiyon YouTube ne suka shanye shi. Na kalli sun fi 20, duk a kan yadda ake buɗe wasa, kuma ban riƙe ko ɗaya ba bayan taku na biyar. Na daina. In zan kalla, sai in an sami wifi na kyauta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Wannan sai na rubuta shi dalla-dalla don kada in sake.

Jiya bayan isha'i ina fada, sanyi ya sauko, kowa ya naɗe cikin bargo ana jiran shayi na biyu. Na ce bari in buga uku in tafi. Na farko ina kan gaba da hasumiya guda, agogona ya ƙare. Na biyu na bar sarauniya a gaban giwa. A nan zuciya ta hau. Na ce ba zan kwanta da faɗuwa ba, sai na rama. Da aka sake cina sai na ga kamar minti uku ma ya yi tsawo, na koma na minti ɗaya, wanda ake kira harsashi, ni da ban gama sanin sunayen gidajen allo ba. Daga nan na dawo bilits ina jifa da kaya kamar mai watsa wa kaji tsaba. Mutanen fada suka watse ɗaya bayan ɗaya, gawayi ya mutu, ni ina nan. Ƙarfe 2 da wani abu na dare na tashi. Wasa 31, na ci 8. Bilits ya faɗo 812.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Da safe na zo shago ido ya yi nauyi, na shimfiɗa shaddar wani Alhaji, na karanta awon wani mutum daban a littafi, na sa almakashi. Hannun riga ya gaza da kusan taƙi guda. Yaron shago ya ce, "Maigida, anya wannan awon Alhaji ne?" amma aikin gama ya gama. Sai da na je na nemo irin shaddar, mita biyu, jika 7 daga aljihuna. Ban gaya wa Alhaji ba, kuma launin bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, ina dai fata ba zai duba da rana ba.

Doka daga yau: in aka ci ni sau biyu a jere, waya ta shiga aljihu. Ba wasa bayan ƙarfe 11. Harsashi kuwa na sallama shi.

Asabar, 18 ga Janairu

Ban buga ko ɗaya ba yau. Na ɗauki wasa 20 na ƙarshe da aka ci ni, na sa Stockfish, injin da ke cikin Lichess, ya duba su. Yana sa alamar tambaya ɗaya a kan kuskure, biyu a kan babbar kwaɓa. Ban damu da dogayen layukan da yake nunawa ba, sun fi ƙarfina. Abu ɗaya na nema a kowane wasa: a ina ne ya fara lalacewa?

Na ja layi a kaye na ƙirga. A wasa 11 ni da hannuna na ajiye doki ko giwa ko sarauniya inda za a ɗauka ba tare da an biya komai ba. Na sa wa wannan suna sadaka. A 4 agogo ne ya ƙare. A 3 an yi mini mat, wato an kai wa sarkina hari ba mafita, ban ma san ana shirinsa ba. Ɗaya rezo ne ya yanke. Ɗaya tak ne zan iya cewa mutumin ya fi ni tunani, ya matse ni a hankali har na rasa wurin sa ƙafa.

Ɗaya cikin 20. Ni kuwa na ƙone jika 2 ina koyon sunayen buɗe wasa na Sisiliya da na Landan, alhali ciwon a wani wuri yake. Ana lissafa dakare 1, doki da giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Wanda ke ba da 3 ko 9 sadaka a kowane wasa, ko wane irin buɗewa ya yi bai tsira ba.

Talata, 21 ga Janairu

Kawu ya biyo shago a rage masa wando. Shi gwanin dara ne na gaske, irin ta gida 30 da ake haƙawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, a unguwarmu ba a cika zama gabansa ba sai da shiri. Ya ga ina latsa waya, ya jawo kujera. Na yi masa bayanin tafiyar kowane ɗa. Da na zo kan sarauniya ya ce wannan wane irin gari ne da mace ta fi sarki ƙarfi? Na ce, "Kawu, ai kun san labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, da ta tari sojan Faransa a 1899." Ya ce to wannan Sarauniya ce, ya yarda. Na ƙara masa da abin da na ji wajen wani malamin lissafi da ke zuwa fadarmu, cewa wasan daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa ya zo hannun Larabawa, kuma a lokacin wannan ɗan waziri ne mai taku ɗaya a karkace, sai a Turai wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka ba shi wannan ƙarfi. Kawu ya ce shi dai waziri zai riƙa ce mata.

Ya kalli wasa biyu bai ce uffan ba. Bai san dokokin ba sosai, amma da aka gama ya ce, "Kai ɗan nan, mi kake wa sauri? Mutum ya taka, ba ka ko dubi inda ya taka ba ka kai hannu. Kana kallon abin da za ka ci, ba ka kallon abin da za a ci maka." Na ce agogo ne, Kawu. Ya ce to wa ya aike ni wurin agogo tun ban iya ba?

Ba ni da amsa. Daga gobe na koma 10+5, minti goma da ƙarin daƙiƙa biyar a kowane taku. Kafin in taɓa komai, tambaya biyu: me takunsa yake nema, kuma gidan da zan sauka wa ke kallonsa? Bilits na ajiye shi mako uku.

Juma'a, 24 ga Janairu

Wasa biyu a rana, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan an rufe shago. Na ci 4 cikin 6. Sadaka biyu kawai. Abin yana da gundura, hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Litinin, 27 ga Janairu

Na fara ɗinka allo. Ragowar farin yadi da shuɗi, gida 64, kowane santimita 5. Ina so in riƙa jera wasannin da na faɗi a gabana, ido ya huta da gilashin waya. 'Ya'yan wasa kuwa marafan kwalba da maɓallai, na rubuta harafi a kan kowane. Kuɗin da ya fita: zare, sefa 150.

Juma'a, 31 ga Janairu

Allo ya yi kyau, har na yi masa surfanin a zuwa h da 1 zuwa 8 a gefe da jan zare. Na aika wa Yaya hoto ina jiran yabo. Ya turo murya yana dariya har da tari. Gidan da ke kusurwar hannun dama na mai wasa dole ya zama fari, wato h1 fari, a1 baƙi. Nawa ya zo a juye. Da ban yi surfanin ba da juya ƙyallen kawai zan yi. Yanzu sai da na zauna da reza na farke haruffa da lambobi duka, na sake su. Tela da shekara 12 a kan keke. Yaron shago ya yi ta guga yana kallon bango don kada in ga bakinsa.

Ribar da na samu, wajen farkewa da sakewa gidajen sun zauna mini a ka. Yanzu in an ce c6 ba sai na ƙirga da yatsa ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ina da sarki da sarauniya, shi sarki kaɗai ya rage masa. Na yi ta kora shi har kusurwar h8, na sa sarauniya f7 ina murmushi, sai allo ya nuna canjaras. Pat ke nan: sarkinsa ba ya cikin hari, amma ba shi da gidan da zai taka, kuma ba shi da wani ɗa da zai motsa. An raba maki. Na ji kamar wanda ya yi noma ya bar hatsi a gona.

Na shimfiɗa allon ƙyalle na yi ta maimaitawa har sau 15. Dabarar ita ce sarauniya ta riƙa tsayawa nesa da sarkinsa da takun doki ɗaya, tana rage masa fili. Amma da ya isa bakin allo ya rage masa gida biyu, sai ta tsaya cak, a bar shi yana kai da kawowa, sarkina ya tako ya zo kusa, sannan a gama. Kuskurena shi ne na bi shi da takun dokin har cikin kusurwa. Gobe sarki da hasumiya, an ce ya fi wuya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kuran ya tafi tun hantsi, waya na kan kashi 9, na ce wasa ɗaya ba zai gagara ba. Ta mutu ina da doki a sama. A Lichess in ka ɓace na ɗan lokaci abokin wasa na iya karɓar nasara, kuma ya karɓa, ban ga laifinsa ba. Na sayi batirin ajiya na hannu wajen mai gyaran waya, jika 4 da rabi. Na kuma lura rezo ya fi tsayawa a bakin ƙofar shago fiye da ciki wajen keke, don haka can nake zama, ƙura ko ba ƙura.

Jimlar abin da eshek ya ci mini zuwa yau, har da shaddar Alhaji: sefa 13.850, ban da forfe na yau da kullum.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kacici-kacicin eshek 15 kowace safiya kafin a buɗe shago. Biyu ne suka fi dawowa. Doki ya dira ya kai hari wuri biyu lokaci ɗaya, na sa masa suna gwafa. Ko kuma ɗa ya tsaya gaban sarkinsa ba ya iya motsi don giwa ko hasumiyar abokin wasa ta saita shi, in ya kauce sarki na cikin hari, wannan na ce yana turke. Yau na yi gwafar sarki da sarauniya a wasa na gaske, da gangan, ba dace ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na koma bilits, amma 5+3. Lichess na lissafa tsawon wasa da lokacin farko haɗe da ƙarin sau 40, don haka 5+3 minti bakwai ke nan, har yanzu bilits ne, amma akwai wurin numfashi. Wannan ƙarin daƙiƙa uku ba ƙaramin abu ba ne. In kana kan gaba, ko agogo ya zo wuya, kana iya gamawa muddin ka san hanyar mat ɗin a ka.

Abin da na gane game da agogo: ba ko'ina ake kashe lokaci ba. Takun farko shida ko bakwai iri ɗaya nake yi kullum, e4, doki f3, giwa c4, in shigar da sarki ɗaki ta hanyar rok, wato sarki ya yi taku biyu gefe hasumiya ta tsallako shi, ba tunani. Lokacin da na tara a nan shi nake kashewa inda 'ya'ya suka fara cuɗanya, ana ci ana ramawa. Da can akasin haka nake yi, in yi dogon nazari a taku na huɗu, sannan in yi sadakar sarauniya cikin daƙiƙa ɗaya a taku na 20.

Wasa 6, na ci 5. Daga 812 zuwa 871. Wanda na faɗi, doki ne ya zo g5 ya haɗu da giwa a kan f7 ɗin nan dai. Na duba: in na fito da giwata c5 kafin dokin f6, hanyar sarauniyata a buɗe take har g5, dokin ba ya iya zuwa. Na ƙara a bangon kaye.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

944. Na wuce inda na fara.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Malamin lissafi ya karɓi kayena a fada ya yi ta dubawa. Ya ce irin wannan maki asalinsa lissafin wani malamin kimiyya ne, Arpad Elo, kodayake Lichess da wani tsari mai suna Glicko-2 take aiki. Wanda ya fi ka da 200, a wasa huɗu ana sa ran ya kwashi uku. Wanda ya fi ka da 400, kai rabonka kamar 1 cikin 11 ne. Ya tambayi makin Yaya, na ce 1430. Ni yau 1003. Ya ce to ba sai na fi shi iyawa ba, in dai zai yarda mu buga da yawa, lissafi zai kawo mini nawa. Na ce ai mun taɓa buga 11 ɗin, lissafi bai zo ba. Ya ce wancan lokacin tazarar ta fi 400 nesa ba kusa ba.

Na gwada ajiye taku tun abokin wasa bai motsa ba, don in tsira da lokaci. Ya taka wani wuri daban, sarauniyata ta tafi inda na aike ta, dakare ya cinye ta. Ba zan ƙara ba sai inda ramuwar ci ce da ba makawa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yaron shago ya koyi tafiyar 'ya'yan daga kallo kawai. Da azahar muka buga a allon ƙyalle, ya fito da sarauniya h5 a taku na biyu yana satar kallona. Na yi masa doki c6, g6, doki f6, ya ce, "Maigida, ashe kun san ta." Shekararsa 15. Na gaya masa Gukesh ɗan Indiya yana da 18 ya karɓi kambun zakaran duniya a Singafo a Disamban 2024. Ya ce ke nan saura masa shekara uku. Na ce ya fara gama kalmasar wandon da ke gabansa.

Ƙirgar wannan mako, faɗuwa 12: sadaka 4, agogo 2, mat 2, an fi ni 4. Maki 1036.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mun buga da Yaya bayan isha'i, 5+3, wasa shida. Na zauna bakin ƙofa da batirin ajiya a cinya, mutum huɗu na fada a bayana, na roƙe su kada wanda ya yi magana.

Na farko da na biyu ya ci ni ba wata hayaniya, dakare ɗaya ya rinjaye ni da shi ya kai shi ƙarshen allo ya zama sarauniya. Bisa dokata nan ya kamata in tashi, amma alkawarin shida muka yi. Na uku ne ya fi ƙona mini rai. Na yi masa gwafa na ɗauke hasumiya, na ji bayana an ja numfashi. Daga nan na shiga lissafin yadda zan ba da labari gobe. Sarkina na g1, dakaru uku a gabansa ba wanda na ɗaga, hasumiyata ta bar layin baya ta tafi farautar dakare. Tasa ta sauko e1. Mat. Tambayar Kawu ta farko, me takunsa yake nema, ban yi ta ba sau ɗaya tak, kuma a nan ne ake bukatarta.

Na huɗu da na shida ya ci. Na biyar kuwa ya rage mini sarki kaɗai, shi yana da sarauniya da daƙiƙa kamar goma. Na gudu kusurwar a8 da gangan. Ya biyo ni da sauri ya sa ta c7. Pat. Na tura masa hoton shafin kayena na 2 ga Fabrairu. Ya kira ya ce canjaras ba ci ba ne. Na ce, "Na sani, Yaya, amma a Disamba ba ka bukatar sarauniya, yau ga ta a hannunka ta ƙi yi maka aiki." Ya ce zai ba wani mai zuwa Tawa 'ya'yan wasa na roba ya kawo mini, in daina kunyata shi da marafan kwalba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Maki 1051. Ana sa ran ganin wata ƙarshen makon nan, kuma ɗinkin Sallah ya fara shigowa, yau kaɗai an kawo kaya kala tara. Daga yanzu zuwa Sallah keke ba zai huta ba, ni ma haka. Tsarin azumi: kacici-kacici 10 bayan sahur, wasa ɗaya na 10+5 bayan asham in ido ya yarda, bilits sai Juma'a. Mat na sarki da hasumiya har yanzu yana ɗaukar mini fiye da minti ɗaya, ina so ya dawo rabin haka. Akwai kuma ɗaga dakaren h3 don sarki ya sami taga, in saba da shi.

Yaya ya yarda da wasa shida ranar Juma'a da dare. Alhaji ya aiko a yi masa wata rigar, da ragowar shaddar nan, wai launin ya burge shi.